Wahalar Da Aka Zaɓa Da Wadda Aka Ɗora

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakin masu hikima, watau shin wahala abar nema ce ko kuwa abar gudu? Hausawa sun ce sai an sha wuya akan sha daɗi, su ne kuma suka ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Karin magana na farko yana yabon mai jure wa wuya, na biyun kuwa kamar dariya yake yi wa wanda ya jawo wa kansa ita. Ina so in shiga wannan tambaya ta wata ƙofa da wataƙila waɗansu malamanmu za su ga ba ta isa a kawo ta cikin mujallar ƙungiya ba, watau ta wani wasan kwamfuta da ake kira Minecraft. Mai karatu ya yi mini haƙuri, domin a cikin wannan wasa an ajiye wa mutum tambayar a fili, an ce ya amsa ta da yatsansa tun kafin ya fara.

Ga wanda bai san shi ba, wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya ƙago wasan, ya fara sakinsa ga jama'a a shekarar 2009, aka kammala shi a 2011 a ƙarƙashin kamfanin Mojang. A 2014 kamfanin Microsoft ya saye Mojang a kan dala biliyan 2.5, kuma ya zuwa 2023 an sayar da wasan fiye da sau miliyan 300. Ana yin sa a kwamfuta, ana kuma yi a wayar hannu. Yadda yake shi ne, sai a jefa ka cikin wata duniya wadda kome nata da tubali aka yi shi, da ƙasa da dutse da itace har da ruwa, ba ka da kome a hannu, ba kuwa wanda zai ce maka ga abin yi. Kai ne za ka sari itace, ka sassaƙa diga da gatari, ka fasa dutse, ka tayar da ɗaki. Yini da dare a haɗe minti 20 ne kacal. Da rana ta faɗi sai dodanni su fito daga cikin duhu. Akwai gawa mai tafiya wadda ake kira zombi, akwai ƙwarangwal mai harbi da baka, akwai ƙaton gizo-gizo, sa'an nan ga wani kore marar hannu wanda yakan lallaɓo shiru ya fashe kamar nakiya, ya rushe maka ginin da ka yini kana yi. Ranka kuwa an zana maka shi a ƙasan allo, zuciya 10 a jere, kusa da su kuma ga ma'aunin yunwa.

To, mataki huɗu aka shimfiɗa wa mai wasa ya zaɓa, zan kuwa kira su da Hausa Lumana, da Sauƙi, da Matsakaici, da Tsanani. A Lumana dodannin dare ba sa fitowa, yunwa ba ta kama mutum, in ya ji ciwo nan da nan ya warke, ko da yake in ya faɗa rami mai zurfi ko narkakken dutse zai mutu. A sauran ukun akwai dodanni, bambancin yana ga ƙarfin dukansu da kuma inda yunwa take tsayawa. A Sauƙi, yunwa takan ci rabin ran mutum ta tsaya, ta bar shi da zuciya 5. A Matsakaici takan kai shi bakin kabari, ta bar masa rabin zuciya guda. A Tsanani kuwa ba ta tsayawa, kashe shi take yi, kuma a nan ne gawar nan mai tafiya take iya karya ƙofar katako ta shigo wa mutum har ɗaka. In mutum ya mutu yakan farfaɗo, amma kayan da ke jikinsa sun zube a inda ya faɗi, in bai hanzarta ya kwashe su ba su ɓace.

Abin tambaya a nan shi ne, me zai sa mai hankali, an ajiye masa Lumana a gabansa kyauta, ya miƙa hannu ya ɗauki Tsanani? Ba wanda zai biya shi, ba wanda zai hukunta shi in ya ƙi. In da a kasuwa ne aka ce wa mutum ga hanya mai ƙaya ga marar ƙaya, duka kuwa gida ɗaya za su kai shi, ya ɗauki mai ƙaya, da sai mu ce a kai shi a yi masa rubutu.

Wani masanin falsafa da ya koyar a ƙasar Kanada, Bernard Suits, ya yi wannan tunani a cikin wani littafi da ya fitar a 1978. A fahimtarsa, abin da ya mai da wasa wasa shi ne mutum ya yarda da ransa a gindaya masa cikas da babu larurarsa, don kawai ya ga ya tsallake. Mu da muka yi langa a dandali ba mu bukatar a kawo mana hujja daga Kanada. Yaro yana da ƙafa biyu lafiyayyu, ya kama ɗaya ya riƙe ta baya, ya riƙa tsalle da guda don ya kai wurin sha. In ya saki ƙafar ya ruga a guje zai riga kowa isa, amma fa bai yi langa ba, gudu ya yi. Ke nan ƙafar da aka riƙe ita ce langar. Haka abin yake a Minecraft. Wanda ya ɗauki Tsanani ba gida ɗaya za su je da wanda ya ɗauki Lumana ba, don kuwa hanyar ce ta sāke gidan.

Bari in daɗa fito da wannan magana, domin a nan ne rabin abin da nake son faɗi yake. A Lumana mutum yana iya gina katanga, amma katangar ado ce, ba abin da take tarewa. Yana iya shuka alkama ya gasa burodi, amma ba ya jin yunwar da za ta sa ya ci. Yana iya kunna fitila a kowace kusurwa, amma duhun da take korewa ba kome a cikinsa. Da zarar an koma Tsanani sai kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sami dalili. Fitila ta zama tsaro, tun da yake a duhu dodanni suke tsirowa. Gona ta zama rai. Ƙofar ƙarfe ta fi ta katako da hujja, ba da kwalliya ba. Mutum yakan fara lissafin rana, ya san in ya yi nisa da gida la'asar ta yi masa a daji to ya shiga uku. Tanadi da tsari da taka-tsantsan, duk tsoron dare ne ya haife su. Har ila yau masu wasan sun ɗaure ƙarshen labarin da haɗari. Ƙofar da ake bi a je a yaƙi babban dodo mai fiffike na ƙarshe tana da gurbi 12 da za a cike da waɗansu idanu, su kuwa idanun ba sa haɗuwa sai da garin wata sanda da ake samu a jikin wani dodon wuta, shi kuma ba ya fitowa a Lumana. Saboda haka wanda ya zauna a Lumana yana da duniya duka, amma hanyar ƙarshen labari a toshe take gare shi, sai fa in wata irin sa'a ce ta faɗo masa.

Da a nan zan tsaya, da na yi wa masu Tsanani kirari na tafi, su kuwa da ma abin da suke so ke nan. Akwai wata ɗabi'a da ake gani a wurin masu wannan wasa, ba kuwa a wurinsu kaɗai ba, ta raina wanda ya ɗauki sauƙi. Sai ka ji ana cewa wane ba ɗan wasa ba ne, rago ne, wasan yara yake yi. Wannan magana ba ta da tushe. Akwai mutanen da ba faɗa ya kawo su ba, gini ya kawo su. Wani zai shafe watanni yana tayar da fada mai soraye da zaure, yana auna kowane tubali, yana rushewa yana sākewa. Cikas ɗinsa shi ne siffar da ke cikin kansa wadda hannunsa bai kai gare ta ba tukuna, dodon da zai zo ya fasa masa bango kuwa ba ya ƙara masa kome sai ɓata lokaci. Shi ma ya riƙe ƙafarsa ta langa, sai dai ba irin wadda wancan ya riƙe ba. Akwai kuma wanda ya yini yana fama da rayuwa, ya sha layi ya sha rana, ya dawo da dare yana neman wurin da ba abin da zai bi shi a guje. In irin wannan ya ɗauki Lumana, wa ya isa ya kira shi rago? Tsananinsa yana waje yana jiransa da safe.

Wannan ya kawo mu ga bambancin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci. Wahalar da mutum ya zaɓa, mabuɗinta yana aljihunsa. Mai wasa a Tsanani, in abin ya ishe shi, sai ya danna wuri guda ya koma Lumana, dodannin da suka kewaye shi su ɓace kamar ba a yi su ba. Masu wasan sun san da wannan rauni na ɗan Adam, shi ya sa a bugun kwamfuta suka sa hoton ɗan kwado a gefen zaɓin, wanda in mutum ya danna shi ya kulle matakin ke nan, maɓallin sauyawa ya daina aiki. Watau mutum yana cikin natsuwa ya ɗaure hannun kansa, don ya san in tsoro ya zo ba zai amince da kansa ba. Sa'an nan akwai wani salo da ya wuce wannan, wanda zan kira Rai Ɗaya, inda aka kulle wasan a Tsanani kuma in mutum ya mutu sau ɗaya shi ke nan, sai dai ya zagaya duniyar tasa yana kallo kamar kurwa, ba ya iya taɓa kome. Wani Bature ɗan Ingila da aka fi sani da Philza ya shekara biyar yana gina duniya guda a wannan salo, sai a watan Afrilu na 2019, jama'a na kallonsa kai tsaye ta intanet, wani ɗan jaririn zombi da gizo-gizo suka rutsa shi a cikin kogo suka kashe shi. Aikin shekara biyar ya tafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ba na musun cewa ya ji zafin abin har zuci. Amma da ya tashi daga kan kujera, abincinsa yana nan, rufin ɗakinsa yana nan, hasali ma wannan mutuwa ce ta sa duniya ta san shi. Ko kwadon da aka kulle, ai mutum da kansa ya kulle shi, kuma yana iya kashe na'urar ya tafi ya kwanta. Manomin da fari ya cinye masa gero ba shi da wannan maɓalli. Don haka wanda ya ci nasara a kan wahalar da ya saya da kuɗinsa, ya yi murna, ya cancanta, amma kada ya ɗauka ya san abin da mai wahalar dole yake ji, balle ya hau mumbari ya yi masa wa'azin juriya.

Malaman addini sun riga mu tattauna wannan mas'ala, a fagen da ya fi wasa nauyi nesa ba kusa ba, ba kuwa ina haɗa ibada da wasa ba ne, ma'aunin kawai nake son in aro. Ya zo a cikin Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana huɗuba sai ya ga wani mutum ana ce da shi Abu Isra'ila a tsaye, aka gaya masa ya yi bakance ne zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. A duba da kyau, ba a sauke masa wahala duka ba. An bar masa wadda take da amfani, an zubar da waɗanda ba su da wani abu a cikinsu sai azabtar da kai. Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Muwafaƙat, inda ya nuna cewa mutum yana iya nufin aiki mai girma ko da akwai wahala a tattare da shi, amma ba a son ya nufi wahalar ita kanta. In muka ɗauko wannan ma'auni muka aza a kan wasanmu, tambayar da mai zaɓe zai yi wa kansa ita ce, wannan tsanani me zai tilasta mini in koya, me zai sa in gina? In amsar ita ce tanadi da dabara da natsuwa a lokacin firgita, to madalla. In kuwa amsar ita ce don a ce da ni gwani, to wannan tsayuwar rana ce.

Saura rabi na biyu, wanda ban cika jin masu wasan suna magana a kansa ba. A cikin duniyar Minecraft akwai ƙauyuka, da mutanensu masu dogon hanci, manoma da maƙera da masu sayar da littattafai, waɗanda ake ciniki da su da zumurrudu. Ba sa faɗa, ba sa ɗaukar makami, kuma ba a tambaye su wane mataki suke so ba. Abin mamaki, matakin da mai wasa ya zaɓa wa kansa shi ne yake yanke makomarsu. In zombi ya kama ɗan ƙauye a Sauƙi, mutuwa yake yi, babu dawowa. A Matsakaici, rabi da rabi ne, ko ya mutu ko ya rikiɗe ya zama zombi. A Tsanani kuwa kullum rikiɗewa yake yi, wanda ya rikiɗe kuma ana iya warkar da shi da wani ruwan magani mai raunana jiki da tuffa ta zinariya. Ashe matakin da ya fi yi wa mai wasa sauƙi shi ne wanda maƙwabcinsa ba ya tashi in ya faɗi. Sunan matakin daga wajen mai zaɓe aka raɗa shi, ba a dubi sauran mazauna duniyar ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ɗan ƙauyen da aka warkar yakan rage wa wanda ya warkar da shi farashi don godiya. Da masu wasa suka gane haka, sai waɗansu suka riƙa komawa Tsanani da gangan, su kama ɗan kasuwa su kulle shi a ɗan akurki, su turo masa zombi ya cije shi, sa'an nan su warkar da shi, su sāke turo masa, har kayan da ake sayarwa da tsada su dawo zumurrudu guda. Sai a 2023 masu wasan suka gyara dokar, ragin ya daina ninkuwa in an maimaita. Na sani sarai ɗan ƙauyen nan zane ne, ba ya jin zafi, ba kuwa ina tuhumar kowa da zalunci a kan hoto ba. Amma siffar abin ta isa a tsaya a dube ta. Ga mutum yana bugun ƙirji shi mai wasa ne a Tsanani, alhali tsananin a jikin wani yake sauka, riba kuwa tana shiga jakarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya taɓa ganin mai haddasa rigima da dare ya fito da safe a matsayin mai sulhu ya san wannan siffa.

Haka kuma ana yin wasan a taro, mutum goma ko ashirin a duniya guda, kuma a nan mataki ɗaya ne ga kowa, mai riƙe da duniyar ne yake saita shi. Galibi shi ne wanda ya fi daɗewa, yana da sulke na lu'ulu'u da rumbu cike da abinci, dare ba ya ba shi tsoro. In ya ɗora Tsanani, shi daɗi zai ji, wanda ya shigo jiya da hannu wofi shi ne zai mutu sau bakwai kafin gari ya waye, wataƙila ma ya fita bai ƙara dawowa ba. In ka tambayi mai duniyar sai ya ce ai haka shi ma ya koya. Ina jin wannan jimla ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗalibai, kuma da izinin malamaina zan ce ba baƙuwa ba ce a bakin waɗansunsu. Malami mai riƙe da duniya ne, haka uba, haka maigidan da ke koyar da sana'a. Ba ina kiran a mai da aji Lumana ba ne, don mun riga mun ga abin da Lumana take yi wa katanga, digirin da ba a yi gumi a kansa ba ado ne kawai. Malamin da ya dawo maka da rubutunka sau uku ya ce hujjarka ba ta tsaya ba, ya ba ka dare mai dodanni, kuma saboda shi za ka koyi kunna fitila. Amma wanda ya sa ka yi sati kana safa da marwa a ƙofar ofishinsa don sa hannu guda, ko ya ɓoye maka littafin da ya san kana bukata don shi ma an ɓoye masa a zamaninsa, wannan me ya koya maka in ban da yadda za ka yi wa na bayanka? Dukansu biyu za su ce horo suke yi, kuma daga nesa wahalar tasu kama take yi da juna. Ma'aunin Abu Isra'ila ne kaɗai yake raba su, sai dai a wannan karon ba mai shan wahalar ne ya yi bakancen ba, wani ne ya yi a madadinsa.

Ni dai in ina ni kaɗai a duniyata Tsanani nake ɗauka, har in danna kwadon, domin na lura a Matsakaici nakan yi sakaci da gona in bar rumbu ya ƙare. In kuwa ni ke riƙe da duniyar da ƙannena za su shigo, nakan sa ta a Sauƙi har su yi ɗaki su kewaye shi da fitilu, in kuma gina wa ƙauyen da ke kusa katanga tun da wuri, tun da na san a wannan mataki wanda aka kama a cikinsu ba ya dawowa. Bayan kwana biyu sai in tara su in tambaye su ko a ƙara.